Robar zabadi da awa biyu: littafin aikin sababbin masu ciwon sukari a Makka

12 Oktoba 2024

Yau aka buɗe littafin. Mutum goma sha ɗaya ne a zaman farko, mata bakwai maza huɗu, daga Shara Mansur, Hindawiyya da Jarwal. Dukkansu a cikin wata biyun nan likita ya gaya musu suna da ciwon sukari nau'i na biyu, kuma babu mai allurar insulin tukuna. Aikin ƙarami ne: a auna abincin da ake ci a gidajenmu na nan, na Hausa da na Larabawa, a ga abin da kowanne ke yi wa jinin mai shi, a rubuta da Hausa. Ba ma rubuta magani, ba ma taɓa wanda likita ya rubuta.

Da takardun tahalili, wato sakamakon gwajin jini, aka fara, don rabinsu sun ninke sun ajiye ba tare da an karanta musu ba. Ana tabbatar da ciwon idan sukarin safe, bayan awa takwas ba ci, ya kai 126, ko kuma tarakumi ya kai 6.5. Tarakumi shi ne gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, a takarda HbA1c ake rubuta shi. Mai 7 matsakaicinsa wajen 154 ne, mai 8 wajen 183, mai 10 wajen 240. Ga mafi yawan manya ana so ya sauka ƙasa da 7, amma ana sassauta wa tsoho mai wasu cututtukan.

Ruɗani biyu suka fito tun yau. Wata Hajiya ta ce ƙanwarta a Kano sukarinta 9 ne kawai, ita ko nata 170, ta kwana biyu tana kuka. Ma'auni ne ya bambanta: 9 ɗin can a ninka shi sau 18, ya zama 162, kusan jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Na biyun ya fi nauyi. Tarakumi a jikin jan ƙwayar jini ake karanta shi, don haka mai sikila, mai ƙarancin jini, da wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, lambarsu na iya yin ƙarya. Ko mai AS, akwai injinan gwajin da rukunin jininsa ke ruɗawa. A cikinmu wannan ba baƙon abu ba ne, saboda haka kowa ya gaya wa likitansa rukunin jininsa, AA ne ko AS ko SS, ko ba a tambaye shi ba.

Tambayar kowa guda ce: me zan ci? Kuma kowa ya zo da jerin haramci daga dangi. Wani Baba ya yi sati uku a kan dafaffen kabeji da wake, ya rame, ya daina zama cin abinci da iyalinsa. An ce masa, Baba, ka yi haƙuri ka koma cikin iyalinka, awo za mu yi.

19 Oktoba

Ranar na'urar gwajin sukari, wadda a saidaliyya, wato kantin magani, ake ce wa jihaz. Kurakuran da aka gani ido da ido: gwaji ba a wanke hannu ba, barin robar tsinkayen gwaji a buɗe, da ajiye ta a aljihun mota. Wani direba ya gwada a gabanmu ya sami 260, fuskarsa ta canza. Da aka tambaya, ashe dabino ya miƙa wa na kusa da shi minti biyar kafin nan. Ya wanke hannu da sabulu, ya tsane, ya sake: 148. Zaƙin da ke kan yatsa ya isa ya ɓata lissafi.

A huda gefen kan yatsa, ba tsakiyarsa ba, ya fi rashin zafi. Kada a matse yatsan da ƙarfi. A rufe robar nan take, a duba ranar lalacewa, kada zafi ya taɓa ta. Mota a ranar Makka tanda ce. Na'ura mai kyau ma tana iya kaucewa da kashi 15 cikin ɗari, don haka 140 yanzu 152 bayan minti ɗaya ba lalacewa ta yi ba.

Abin da ake nema: 80 zuwa 130 kafin ci, ƙasa da 180 awa biyu daga lomar farko. Tsinkaye na cin kuɗi, kuma ba kowane ta'amin, wato inshorar lafiya, ke biya ba, shi ya sa muka tsara gwaji biyu kacal a rana a kan abinci ɗaya, kafin a ci da bayan awa biyu. Yau futur, gobe na rana, jibi na dare. Robar hamsin ta kai kwana 25. A rubuta abin da aka ci a gefen lambar, don lamba ba abinci a gefenta ba ta koyar da komai.

2 Nuwamba

Sikelin kicin ya shiga gidaje uku. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan shinkafa dai bai sani ba. An ba mata huɗu ludayi aka ce kowace ta zuba abin da take ganin daidai ne ga mai sukari. Mafi ƙanƙanta giram 260, mafi girma 410, kuma kowace ta rantse ta rage.

Lissafin ba shi da wuya. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 na ɗauke da sitaci wajen giram 28, kuma sitaci sukari yake komawa a jini ko bai yi zaƙi a baki ba. Abin da aka saba farawa da shi shi ne giram 45 zuwa 60 a kowane zama, a ƙara ko a rage bisa nauyin mutum, aikinsa da maganinsa. Nafar ɗaya, wato rabon mutum ɗaya, na bukhari da aka sayo a gidan abinci shinkafarsa ta hau giram 480 a sikeli, wato sitaci wajen 130. Abincin zama biyu da ɗoriya ke nan a faranti ɗaya, ba a ma lissafa gwangwanin lemon da ake korawa da shi ba, mai sukari giram 35 a mililita 330.

Tuwo daga busasshen hatsi ake lissafa shi, ya fi sauƙi. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa sitacinta kusan giram 780 ne. A gidan da aka tuƙa an fitar da malmala goma sha biyu, kowace giram 65 ke nan. Maigida biyu yake ci, wani lokacin ya ƙara rabi. Garin semo, na masara, na gero, na dawa da na alkama duk suna tsakanin 70 da 78 a giram 100. Wannan ne bai yi wa mutane daɗi ba, don an daɗe ana sayar musu da maganar cewa tuwon alkama ko na acha na masu sukari ne, a ci a ƙoshi. Hatsin da ba a surfe ba ya fi, yana da dusa, yana hawa a hankali, amma malmala biyu malmala biyu ce.

Ba kowa zai sayi sikeli ba, kuma ba wanda zai kai shi walima. Sai muka nemi ma'aunin da ke kowane gida, aka dace da robar zabadi, wato yogot, mai giram 170. A cika ta baki ba dannawa, tana ɗaukar shinkafa wajen giram 120, sitaci 33. Roba ɗaya da rabi ta isa zama ɗaya ga mafi yawansu. Sauran cikin a cike shi da miya mai ganye, kuka, kuɓewa, mulukiyya, zogale, da salatin kokwamba da jarjir, da kaza ko kifi kamar tafin hannu.

16 Nuwamba

Sati biyu da awo, lambobin bayan abincin rana na mutum shida ba su motsa ba. Da aka bi diddigi, ba ƙin ji suka yi ba. Tire ne. A gidajen nan a tire ɗaya ake ci, kabsa ko dafa-duka a tsakiya, kowa ya sa hannu. Wanda ke ci a tire bai san nawa ya ci ba, kuma mai gida ba ya tsame hannu yara na kallo, baƙo kuma ba ya tsamewa ana ce masa kul, kul, wato ci, ci da Larabci. Robar zabadin tana kicin, shinkafar tana falo.

Ware wa mutum kwanonsa a gefe mun gwada, bai karɓu ba. Wata Inna ta ce sai ta ji kamar mai kuturta. Abin da ya yi aiki shi ne a auna rabonsa tun a kicin, a kife robar a gefen tiren ta gabansa, ta fito kamar malmala, a kewaye ta da salati da nama. Yana cikin jama'a, hannunsa na cikin tire, amma ya san iyakarsa. A fara da ganye da nama, shinkafar ta zo ƙarshe. Hakan na rage tsallen da sukari ke yi. In an gama a tashi a taka na minti goma zuwa sha biyar maimakon a kishingiɗa. Direban nan ya gwada kwana biyu a jere da abinci iri ɗaya: ranar da ya kwanta 214, ranar da ya taka zuwa masallaci ya dawo 171. Gani ya kori ji, tun daga nan ba a sake roƙonsa ba.

A ganinmu wannan kifa robar ya fi duk takardun da muka raba amfani.

Irin shinkafar ma na da tasiri, ko da yake bai kai na yawa ba. Basmati da mazza, wadda aka turara tun a masana'anta, sun fi gajerar shinkafar Masar sauƙi. Duk abin da aka dafa ya yi luguf, salig ko tuwon shinkafa ko fate, ya fi saurin shiga jini.

23 Nuwamba

Futur. Tamis ɗin da aka sayo a tandar unguwa ya kai giram 270, kuma kusan rabin nauyin burodi sitaci ne. Kwata ya isa, a ƙara ful, dafaffen waken Larabawa, a rage man da ake malala masa, a haɗa da ƙwai. Tamis mai sukari a ka da masub, ayaba da burodi da kirim da zuma a kwano ɗaya, a bar su sai ɗanɗano. Ƙosai da alale da ɗanwake sun fi waina, sai dai ɗanwake ya danganta da yawan fulawa ko garin rogon da aka zuba.

Kunu da koko da fura su suka fi ba mu mamakin yadda ake kare su. Gari ne da aka dama da ruwa, ba tauna, ba jinkiri, ko ba sukari yana tashi da sauri. Mai so ya sha ƙaramin kofi tare da ƙosai, ba shi kaɗai a kan yunwa ba.

Shayi kuwa lissafinsa a fili yake. Cokalin shayi ɗaya giram 4 ne. Uku a kofi, kofi biyar a wuni, giram 60, abincin zama guda. Masu yanke shi rana ɗaya sukan koma. Rage rabin cokali duk bayan kwana huɗu ya fi ɗorewa. Madarar gwangwani mai kauri fiye da rabinta sukari ne, a koma mai ruwa. Masu maye sukari da zuma an gudu ba a tsira ba, babban cokali ɗaya giram 17. Dabino uku matsakaita giram 15 zuwa 20, kuma da gahawa ba wanda ke ƙirgawa, sai a tara ƙwallayen a gaba su yi ƙirgar.

A baƙala, wato kantin unguwa, a juya kwali a duba layin karbohaidrat, wato sitaci da sukari a haɗe, ba layin sukari kaɗai ba, a kuma duba ko lissafin na giram 100 ne ko na kwalin duka. Biskit ɗin da aka rubuta wa babu sukari da fulawa aka yi shi.

7 Disamba

Mutum uku sun ajiye metformin, wanda a nan ake kira munazzim, ba su gaya wa kowa ba. Dalili ɗaya: zawo, kumburin ciki, ɗanɗanon ƙarfe a baki. Biyu a cikinsu a kan yunwa suke sha. Yadda aka saba shi ne a fara da miligiram 500 sau ɗaya a tsakiyar abinci, a riƙa ƙarawa mako-mako har a kai inda likita ya nufa, galibi bai wuce 2000 a rana ba. Cikin yakan lafa a sati biyu zuwa uku. In ya ƙi, akwai mai narkewa a hankali, mai alamar XR, a roƙi likita ya canza. Shi ba a tauna shi, ba a daka shi. Duk ukun sun koma asibiti.

Kowa yanzu ya san sunan maganinsa da halinsa. Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da sukari ƙasa, amma yana buƙatar gwajin ƙoda, kuma in an daɗe a kansa a duba bitamin B12. Gliclazide tilasta wa jiki fitar da insulin yake yi ko an ci ko ba a ci ba, don haka wanda ya sha ya tsallake abinci ya sayi faɗuwar sukari. Empagliflozin da dapagliflozin ta fitsari suke zubar da sukari: a yawaita ruwa, a kula da tsarki da tsanewa, don ƙaiƙayin gaba na biyo su. Ranar amai ko zawo mai tsanani, a dakata da su da metformin a tuntuɓi likita a ranar, ko a kira 937 na Ma'aikatar Lafiya.

Hulba, kirfa, habbatus sauda, garahuni, shuwaka, duk an kawo mana su a leda. Wanda zai sha a matsayin abinci ba mu hana ba, amma ba a madadin magani ba, kuma ya gaya wa likita. Garin da aka ƙulla ba suna ba bayani, wanda ake aikowa daga gida a hannun 'yan umara, shi kam mun ce a'a, ƙoda ba ta da sauyi. Zamzam a sha da niyya, a haɗiye ƙwayar da shi.

Wani ya ce idonsa ya yi hazo tun da ya fara magani, zai yanki tabarau. Ya dakata. Sauyin sukari na canza ruwan ido na ɗan lokaci, a jira wata ɗaya zuwa biyu lambobi su daidaita. Amma gwajin bayan ido, wanda ake ɗiga magani a buɗe ƙwayar, na kowa ne tun yanzu, haka gwajin furotin a fitsari. Huɗu sun yi, saura bakwai.

21 Disamba

Faɗuwar sukari ta farko. Wata Hajiya mai shan gliclazide ta sha ƙwayarta da asuba da shayi kawai, ta tafi umara. A zagaye na biyar na Safa da Marwa gumi ya keto mata, hannu na rawa, ta fara yi wa 'yarta faɗa ba dalili. Sa'ayi kaɗai kusan kilomita uku ne, ga ɗawafin da aka yi kafinsa. 'Yar ta tuna, ta zaunar da ita, na'ura ta nuna 58. Ta ba ta dabino uku, aka jira minti goma sha biyar, 84, sannan ta ci burodi da cuku kafin ta ƙarasa.

Ƙa'idar ke nan: ƙasa da 70, a ba da sukari giram 15, wato rabin kofin lemo mai zaƙi, ko cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa, ko dabino uku. A sake gwaji bayan minti 15, a maimaita in bai hau ba. Cakulan ba ta da sauri saboda mai. In mutum ya suma kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe a kira 997 ko 911. Likitanta ya rage mata ƙwayar.

Tunda maganar Harami ta zo, aka yi ta ƙafa. Sukari na kashe jijiyoyin ji sannu a hankali, mutum ya taka abu mai zafi bai sani ba. Farin marmaran filin ɗawafi ba ya ɗaukar zafi, amma kwalta da dandamalin waje na ƙona tafin ƙafa, kuma ta hanyar ɓatan takalmi ake faɗawa. Takalmi a jaka, jaka a kafaɗa. A duba ƙafa kullum da dare, da madubi in ba a iya sunkuyawa. A tsane tsakanin yatsu bayan alwala. A shafa mai a kaushi da faso amma ban da tsakanin yatsu. Kada reza ta taɓa kantar ƙafa, farce a yanke shi a miƙe. Masu ƙaho su nisanci ƙafa, lalle mai duhu kuma na ɓoye canjin launin fata. Ciwon da ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba na asibiti ne.

18 Janairu 2025

Wata uku sun cika, tara sun sake tarakumi. Bakwai ya sauka. Baban kabeji daga 10.2 zuwa 7.9, yana cin tuwonsa malmala ɗaya da miya kwano guda. Biyu bai motsa ba, kuma littafinsu ya nuna dalili: lambobin rana lafiya, na safe kullum sama da 160. Abincin dare ne. A garin nan sha ɗaya ko sha biyun dare ake cin asha, burosted da dankali ko shawarma, a bi da shayi, a kwanta. An matso da shi bayan sallar isha kai tsaye, tsire ko siriya kamar yadda mutanen Hijaz ke cewa, da salati da laban, burodin burr, na alkama mai dusa, rabi. Idan na safe ya ci gaba da hawa duk da haka, to hanta ce ke sakin sukari kafin wayewar gari, wannan aikin likita ne ba na kicin ba.

An tambaya ko ana warkewa. Abin da aka tabbatar shi ne lafawa. A binciken DiRECT na Birtaniya da aka wallafa a 2017, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka sa a tsarin rage ƙiba sukarinsu ya koma ƙasa da mizanin ciwon ba magani bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. Masu ƙiba ne da ba su wuce shekara shida da ciwon ba, kuma a ƙarƙashin kulawar asibiti aka yi. In ƙibar ta dawo, ciwon na dawowa. Mu dai abin da muka sa gaba kashi 5 zuwa 7 na nauyi ne, mai kilo 90 ya sauke biyar ko shida.

1 Fabrairu

Saura wata guda azumi, mun ma ɗan makara, sati shida zuwa takwas kafin Ramadan ya kamata a ga likita. Kowa ya tafi da tambaya uku a rubuce: zan iya azumi, yaya zan raba magani, yaushe zan karya. Mai metformin sau biyu yakan sha da buɗa-baki da sahur. Mai gliclazide sau ɗaya akan mayar masa da ita buɗa-baki. Mutum ɗaya likita ya hana saboda ƙoda. Ya yi nauyi a ransa, aka haɗa shi da malamin unguwarsu, ya karanta masa ayoyin Baƙara a kan mara lafiya ya yi masa bayanin ciyarwa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta fitar da matsaya a kan masu sukari da azumi tun 2009, bisa matakan haɗari, don haka ba ra'ayin likita kaɗai ba ne.

Huda yatsa ba ya karya azumi. An maimaita wannan sau uku, don akwai masu ɓoye na'ura duk watan. Ƙasa da 70 ko sama da 300, ko jiri da ruɗewa, a karya ko saura minti goma a kira magariba.

12 Maris, 12 ga Ramadan

Azumin bana awa 13 ne da ɗoriya, da sauƙin zafi. Wuni bai ba mu matsala ba, mutum ɗaya ne ya karya sau ɗaya da la'asar a kan 66. Matsalar tsakanin magariba da tarawihi take. Lambobin da ba mu gani ba tun Nuwamba sun dawo, 250, 280. An lissafa buɗa-bakin gida ɗaya: dabino bakwai, kofin sobiya, kofin Vimto, kunun gyaɗa, sambusa biyar, shurbar hatsi, luƙaimat, sannan a ce bari a ci abinci. Ruwan kaɗai ya haura giram 100 kafin a tauna komai.

Gyaran da aka yi: dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, a tashi a yi salla. A dawo a sha shurba, sambusa biyu, ful ko ƙosai, salati. Abin sha mai zaƙi ɗaya tak a ƙaramin kofi, ko zoɓo ba sukari da citta da kanumfari. Babban abincin da robarsa bayan tarawihi. Sahur a jinkirta shi, a sa ƙwai, zabadi, wake, burodin burr, a rage gishiri. Shayi mai yawa da sahur fitsari yake ƙarawa. Masu buɗa-baki a Harami su tafi da na'ura, ana miƙo dabino ta ko'ina kuma ba a iya cewa a'a, sai a karɓa a sa a aljihu.

5 Afrilu

An yi salla ranar 30 ga Maris. Kwana ukun farko ba wanda ya rubuta komai, ba mu kuma tsananta ba. Dibyaza da ma'amul da cincin sun yi aikinsu. Abin da aka bi gida-gida a kai shi ne mayar da magani lokutansa na da, don biyu sun ci gaba da shan gliclazide da magariba.

Mutum ɗaya an fara masa insulin na dare, sai mun buɗe sabon shafi. Alƙalamin insulin da ba a buɗe ba a ajiye shi a tallaja, wato firji, digiri 2 zuwa 8, nesa da gidan ƙanƙara; wanda ya daskare ya lalace. Wanda ake amfani da shi a ɗaki ƙasa da digiri 30, yawancinsu kwana 28, a rubuta ranar buɗewa a jiki. Shi kuwa tura keken alhazai yake yi, kuma aikin hajjin bana farkon Yuni zai faɗo, lokacin da zafi ke haura 40. Za a gwada jakar sanyaya alƙalami mai jiƙawa da ruwa da kuma ƙaramin fulas, da ma'aunin zafi a cikin kowanne, daga azahar zuwa la'asar.

Ba a auna ba tukuna: dambu, waina, mandi, mutabbaƙ, da fura da nono yadda ake dama ta a Shara Mansur. Uku har yanzu ba su je gwajin ido ba. Tarakumi na uku ranar 19 ga wata, kuma sababbin mutum biyar sun nemi shiga, ɗaya mai juna biyu ce, ita mizaninta daban ne, an mayar da ita wurin likitar mata kafin a rubuta sunanta.